Daga Ɗakin Kati Zuwa Shafin Mujalla

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar cikin birnin Kano ce, a wajen Mandawari na tashi, mahaifina baduku ne da ke kai kayansa kasuwar Kurmi. Lokacin da na kama aiki, karatuna bai wuce difloma kan adana bayanan marasa lafiya ba, wato aikin ɗakin kati. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan rubuta maƙalar bincike a buga ta ba, balle in koya wa wani. A wancan lokacin, a tunaninmu, wannan aikin farfesoshi ne.

An tura ni sashen masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki a shekarun da magani ya fara wadata. Gwamnatin Tarayya ta fara nata shirin a 2002 da cibiyoyi 25 a faɗin ƙasa, sannan PEPFAR, shirin da shugaban Amurka George Bush ya ƙaddamar a 2003, ya iso Najeriya a 2004. Wanda bai ga kafin zuwan maganin ba, ba zai gane girman abin ba. Mutum ya shigo a kan keken tura marasa lafiya, fata ta manne wa ƙashi, bayan 'yan watanni ka gan shi ya zo da ƙafarsa yana tambayar ko zai iya komawa kasuwa. Amma tsangwama tana nan daram. Mata su zo tun duku-duku cikin niƙabi, wasu daga Jigawa, wasu daga Katsina, don kada wanda ya san su ya gan su a layi. Da yawa ba sa ba mu sunansu na gaskiya, adireshi kuwa sai a ce maka "bayan masallacin Juma'a", lambar waya ta ɗan'uwa ce da bai san komai ba.

Aikina shi ne rajista da fayil. Ranar da aka fara magani, nauyin jiki, sakamakon gwajin jini, ranar dawowa. Ƙarshen wata mu raba dare muna haɗa rahoto, a tura ƙaramar hukuma, a tura jiha, daga nan Abuja, daga Abuja har ƙasashen masu ba da tallafi. Alƙaluma su tafi, ba sa dawowa. Abin da kan dawo mana shi ne tuhuma: me ya sa mata masu juna biyu suke ɓace muku? A wancan lokacin duk wanda ya kwana 90 bai zo karɓar magani ba sai a rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace, yanzu an rage zuwa kwana 28.

Ni kuwa na san inda da yawansu suke tafiya, don ni ma 'yar Hausawa ce. Mace mai cikin fari, ciki na kai wata bakwai sai a zo a tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta. Wadda ba ta je goyon ciki ba, tana haihuwa za a ɗauke ta wankan gida. Idan a Kurna take aure, iyayenta suna Wudil ko Bichi ko Gaya, shi ke nan ta bar hannunmu. A gidan iyaye kuma ga uwa, ga gwaggo, ga ungozoma, kowa idonsa a kanta, ta yaya za ta fito da kwalbar magani kullum, ta kuma ɗura wa jariri nasa na ruwa, alhali ba ta faɗa wa kowa halin da take ciki ba? Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin farko na jariri, wanda ake ɗigar jini daga dunduniyarsa, a mako shida ake yinsa a lokacin. Mako shida kwana 42 ne. Daidai lokacin da mai jego take shirin gama arba'in, ana ta hidimar mayar da ita ɗakinta, babu mai zancen asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi komai ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran iyaye masu cutar za su iya ɗauka, idan an bi magani yadda ya dace kuwa abin yana sauka ƙasa da kashi 5. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi, 'ya'yan mutane ne da nake riƙe da katin iyayensu.

Wata rana wani likita malamin jami'a, masanin lafiyar al'umma, ya zo duba aikinmu. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya yi tambayar da kowa yake yi, na ba shi amsar da ba a saba sauraro ba. Sai ya ja kujera ya zauna.

Ya ce, "Malama, wannan da kika faɗa, a ina aka rubuta shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya sani."

Ya ce, "Ku kuka sani. Wanda yake tsara shirin a Abuja bai sani ba, kuma ba zai karɓi zancen baki ba. Za ki iya nuna shi daga fayil ɗin nan?"

Da ya dawo sai ya zo mini da wata maƙala da aka buga a 2009 a mujallar AIDS and Behavior, wadda Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa na Asibitin Malam Aminu Kano suka rubuta kan shan magani a watan azumi. Sun gano masu azumi ba sa barin maganinsu, sai dai su matso da na safe zuwa sahur, su jinkirta na yamma zuwa bayan buɗa baki. Na karanta ta da ƙamus a gefena. Abin da ya shige ni shi ne tambayar tamu ce, a kan mutanenmu, a garinmu aka yi ta, ga shi kuma likita a kowace ƙasar Musulmi zai iya ɗauka ya yi aiki da ita. Tun daga ranar na daina ganin rajistar da ke gabana a matsayin takardar cike gurbi.

Wata da watanni muna aiki. Abin da ya fara hana ni shi ne zari. Ni so nake in rubuta komai, tsangwama, talauci, kishiyoyi, kuɗin mota. Ya ce tambaya ɗaya: a cikin matan da suka fara magani a wajen awo, nawa ne suka daina zuwa daga wata na bakwai zuwa bayan arba'in, kuma ina suka shiga? Ya sa na rubuta ta a jimla guda na manna a bangon ofis.

Sai batun izini. Na ɗauka tunda fayil a hannuna yake, ba sai na tambayi kowa ba. A nan ne na ga ransa ya ɓaci. Ya tuna mini da 1996, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan zargin ba a nemi yardar iyayensu yadda ya kamata ba, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ya ce duk mai bincike a garin nan da wannan tarihin yake tafe, ko ya sani ko bai sani ba, kuma a 2003 da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna, wannan tabon yana cikin abin da mutane suke ambata. Tun 2007 ƙasa tana da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya, kuma ko tsohon fayil za ka buɗe don bincike sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince. Muka rubuta tsarin aikin muka miƙa, muka jira. Da izini ya fito, abu na farko shi ne cire sunaye, da adireshi, da lambar waya, kowace mace ta koma lamba. Takardar da ke haɗa lamba da suna kuwa a durowa mai kwaɗo take, mukullin a jakata.

Daga nan muka shiga tsaftace bayanai, wanda har gobe nake cewa shi ne rabin aikin. Kamar tsintar wake ne a faifai, ba a yinsa da gaggawa, kuma tsakuwa ɗaya tana iya ɓata tukunya. Ka ga an rubuta mace ta haihu kafin ranar da ta fara awo. Ka ga nauyinta kilo 54 a wannan watan, wata mai zuwa kilo 45, na gaba 54, ashe hannun mai rubutu ne ya juya lambobin. Ka ga mace ɗaya da fayil biyu saboda ta sake aure ta dawo da sunan sabon miji. Duk wanda muka yi shakka sai in koma kanta in zaro ainihin fayil ɗin in duba. Da Epi Info muka yi lissafi, manhajar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, take bayarwa kyauta a lokacin. Wuta ba ta zama, don haka nakan yi cajin kwamfuta a wajen aiki, in yi rubutu bayan sallar asuba kafin yara su tashi. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ɗauke mini kai su makaranta a wannan tsakanin.

Rubutun kansa ba daga farko ya sa na fara ba. Jadawali tukuna, sai bayanin yadda aka yi aikin, sai sakamako, sai tattaunawa, gabatarwa ce kusan ta ƙarshe. Ya ba ni jerin STROBE mai abubuwa 22 da ake so kowane bincike irin namu ya bayyana, muna bi ɗaya bayan ɗaya. Turanci ya so ya kayar da ni. Nakan rubuta jimla mai tsawon layi biyar cike da manyan kalmomi don kada a raina ni. Sai ya ajiye biro ya ce, "Rufe kwamfutar. Faɗa mini da baki abin da kika gani." In faɗa a jimla biyu. Ya ce, "To shi za ki rubuta." Bai taɓa karɓar kwamfutata ya gyara mini da hannunsa ba. Zai ja layi da jan biro, ya sa alamar tambaya, ni ce zan koma in gano abin da ya dame shi.

Mujallar farko ta dawo mana da maƙalar ko bita ba a aika ba, wato ba a tura wa masana su duba ta ba. Na yi kuka a ɗakin kati, don na zuba raina a ciki. Ya ce babu marubucin da bai sha wannan ba, a mako mai zuwa mu tura wani wuri. A can masu bita suka aiko da tambayoyi shafi-shafi, ɗaya daga ciki yana neman mu bayyana al'adar wankan gida dalla-dalla don bai taɓa jin ta ba. Wannan sakin layin ni kaɗai a cikinmu nake iya rubuta shi da kyau. Muka amsa kowace tambaya da ladabi, inda muka yarda muka gyara, inda ba mu yarda ba muka kawo hujja. Ranar da ta fito, sunana ne a farko. Na buga ta a takarda na kai wa mahaifina. Ba ya karanta Turanci, amma ya gane sunansa a bayan nawa, ya daɗe yana sa mini albarka.

Abin da muka samu bai zo da mamaki ba: wasu daga cikin matan suna karɓar magani a wani asibitin da sabuwar lamba, wasu sun katse har sai da suka dawo ɗakinsu, wasu kuma ba su sake dawowa ba. Amma da ya zama rubutacce, sai magana ta yi nauyi. A wajen awo aka fara tambayar kowace mace tun da wuri, "A ina za ki haihu? A ina za ki yi wanka?" A ba ta takardar canjin asibiti, ko a haɗa mata maganin watanni, a kuma tsara ranar gwajin jariri da sanin lissafin arba'in ɗinta. Na je taron ƙungiyar masu ɗauke da cutar na karanta musu sakamakon da Hausa. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce, "'Yar nan, ashe rubuce-rubucen nan da kuke yi a kanmu yana da ranarsa." Ni a ganina duk binciken da bai koma ga waɗanda aka yi shi a kansu ba, da sauran bashi a wuyan mai shi.

Daga baya na koma Jami'ar Bayero na ƙaro karatu, na zama jami'ar sa ido da tantance ayyuka. Malamina ya yi ritaya. Da na je yi masa godiya da ɗan turare, ya karɓa, ya ce abin da yake so a wurina shi ne in zaunar da wasu kamar yadda ya zaunar da ni.

Haka muka fara zaman Asabar. Ma'aikatan jinya, masu ba da magani, 'yan ɗakin gwaje-gwaje, masu shigar da bayanai, masu bin sawun marasa lafiya unguwa-unguwa. Daga hantsi zuwa azahar, kowa da kwamfutarsa, wanda ba shi da ita ya zo da littafi. Na halarci bitar koyon rubutu irin ta otal, kwana biyar, a ci abinci, a raba alawus da takardar shaida, a watse. Ban raina ta ba, amma ban cika ganin maƙala ta fito daga cikinta ba, don ranar Litinin kowa zai koma layin marasa lafiya, babu mai sake tambayarsa ina aka kwana. Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne na SORT IT, wanda ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta The Union da Likitocin Na-gari-na-kowa suka faro a 2009, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungume shi. A can ma'aikaci da tambayarsa yake zuwa, a haɗa shi da mai ja masa gora, kuma ba a ba shi shaidar kammalawa sai ya tura maƙalarsa mujalla. Shi muka kwaikwaya daidai ƙarfinmu. Sharaɗina ɗaya ne: kada ka zo Asabar hannu rabbana, ko sakin layi guda ne ka zo da shi.

Akwai wani yaro mai shigar da bayanai da ba zan manta ba. Shiru-shiru ne, kullum a kujerar baya. Ya lura cewa samarin da aka haifa da cutar, da zarar an ɗauke su daga sashen yara an mayar da su na manya, sai gwajin yawan ƙwayar cuta a jininsu ya haura 1,000, iyakar da ake cewa magani ya danne ta. Shi ya tattara bayanan, shi ya tsaftace, shi ya zana jadawali. Da daftari ya zagaya ya dawo, sai ga sunaye an jera, har da na mutanen da ba su taɓa buɗe shi ba, nasa kuwa an tura shi can ƙasa wajen godiya. Ya same ni idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Anti, ko dai haka ake yi? Ni ba na son rigima da manya."

Na ce, "Ɗana, ba haka ake yi ba, kuma ba kai za ka yi maganar ba, ni zan yi."

Na ɗauki ƙa'idojin kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, na tafi da su. Sharuɗɗa huɗu ne: mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi kan abin da ke ciki. Sun ƙara da cewa wanda ya cika na farko, a ba shi damar cika sauran. Babu inda aka ce muƙami yana sa a shiga. Na yi maganar cikin girmamawa, a ofis, ƙofa a rufe. Ba a ji daɗina ba, har aka ɗan yi mini fushi na wani lokaci, amma sunan yaron ya dawo farko. Tun daga nan, a zamanmu, ranar da aka tsayar da tambaya ranar ake rubuta sunayen marubuta da aikin kowa, a sa hannu.

Wani abin da nake yaƙi da shi shi ne mujallun bogi. Saƙo zai shigo wa ma'aikaci ta imel ana yabonsa, ana cewa a turo maƙala za a buga cikin mako guda, a biya dala kaza. Mai neman ƙarin girma ga shi a matse, sai ya tura. Babu bita, babu edita na gaske, aikin shekara guda ya tafi inda ba mai karantawa, kuma ba za a iya sake buga shi a wani wuri ba. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tattara sunayen irin waɗannan kafin ya rufe jerin nasa a 2017. Yanzu nakan sa su duba ko mujalla tana cikin rumbunan mujallun da aka tantance, irin su PubMed ko DOAJ ko African Journals Online, kafin su tura komai. Kuɗin bugawa a mujallun kirki ma yakan kai dala dubu ko fiye, abin da albashinmu ba zai ɗauka ba, amma da yawansu suna yafewa ko ragewa idan aka rubuta aka nema tun kafin a tura. Mutanenmu kunyar roƙon suke ji, ni kuwa na koya musu rubuta wasiƙar.

Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya, ƙasa da abin da aka daɗe ana ƙiyastawa. Babban aiki ne, ya sauya yadda ake raba kuɗi da ma'aikata. Sai dai irinsa yawan mutane yake faɗa. Dalilin da ya sa direban tirela da ke lodi a Dawanau yake tsallake ranar karɓar maganinsa, ko abin da ke hana matar da ke cikin kulle zuwa gwajin jini, wannan sai ma'aikacin da ke zaune da su.

A watan Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, wasu daga cikin 'yan zaman Asabar sun wayi gari an ce su zauna a gida. Na zaci zaman ya mutu. Sai ga su sun zo, wasu a ƙafa saboda kuɗin adaidaita sahu, suna cewa yanzu ne ma ya kamata a rubuta abin da ya faru da marasa lafiya a makonnin da aka shiga ruɗani. Yaron nan da na ba da labarinsa yana cikinsu, kuma yanzu shi yake koya wa sababbi tsaftace bayanai, ni sai dai in leƙa.

Aikin da ke gabanmu yanzu na wata ƙanwata ce ma'aikaciyar jinya. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, har da gwajin wannan cuta. Ita tambayarta: wanda aka gano yana ɗauke da ita a wajen gwajin aure, ana saura kwanaki ɗaurin aure, dangi sun hallara, shin yana isowa wajen karɓar magani, kuma yana ɗorewa? Mun daɗe muna jayayya kan yadda za a bi sawun mutane ba tare da an tona asirin kowa ba, har muka yarda cewa ba za a kira lambar da mai ita bai ba da izini a rubuce ba, ko da hakan zai rage yawan waɗanda za a samu. Tsarin aikin yana gaban kwamitin ɗa'a, ita kuma tana gwada takardar tattara bayanan da za ta yi amfani da ita kafin izini ya fito.